Zama a unguwar da ba ta barci: ina hatsarin yake, kuma da ƙarfe nawa?

Tambaya: Na samu gidan haya a tsakiyar birni, tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa wurin aikina. Sai dai unguwar cike take da mashaya da gidajen rawa da ke kaiwa asuba. Ni kaɗai zan zauna, kuma wasu ranakun sai dare ya yi nisa nake tashi daga aiki. Iyayena sun ce in haƙura da gidan. Shin zama a irin wannan wuri ganganci ne?

Amsa: Malama, ba ganganci ba ne. Mutane da yawa sun yi shekara da shekaru a irin waɗannan unguwanni ko ƙwarzane ba su samu ba. Amma damuwar iyayenki tana da tushe, kada ki ɗauke ta tsoron manya kawai. Unguwar da ake shan giya har asuba ta fi wadda kowa ke rufe ƙofa da ƙarfe tara yawan faɗa da sata, wannan babu musu. Abin da na waje ba ya gani shi ne rigimar ba ta mamaye unguwar bai ɗaya ba. Tana da sa'o'inta, tana da ƙofofin da take taruwa, tana kuma da waɗanda ta fi faɗa wa. Don haka kafin in ce ki kama gidan ko ki bar shi, abin da zan so in sani shi ne wane layi yake, ina ƙofarsa ta fuskanta, kuma da ƙarfe nawa za ki riƙa isa gare ta.

A shekarar 1989 masanin harkar laifuka Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan kiran da aka yi wa 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka cikin shekara guda, kira fiye da 300,000. Rabin kiran gaba ɗaya ya fito ne daga kashi 3 cikin 100 na wuraren da ke birnin. Daga baya wani masanin, David Weisburd, ya bibiyi birnin Seattle na Amurka daga 1989 zuwa 2002, ya tarar da kusan abu ɗaya: kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na guntayen layuka, wato daga wannan mahaɗa zuwa ta gaba, su ne ke ɗauke da rabin laifukan birnin, kuma galibi layukan nan su ne dai kowace shekara. An sake irin wannan lissafi a birane da dama, sakamakon bai cika kaucewa ba. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne sunan unguwa ba ya isa a yanke hukunci da shi. Ko a unguwar da ta yi ƙaurin suna, akasarin layuka lafiya lau suke, sai wata kusurwa ɗaya ko biyu da ke jawo wa sauran baƙin jini. Gida biyu da ke da tazarar mita 200 tsakaninsu na iya zama duniya biyu daban.

Haka abin yake a mashayun su kansu. A layin da ke da mashaya goma, sau da yawa biyu ko uku ne ke haifar da yawancin rikicin, kuma ba su da wuyar ganewa: ana cusa mutane fiye da yadda wurin zai ɗauka, ana karya farashin giya don a sha da yawa cikin ɗan lokaci, ana ci gaba da zuba wa wanda ya riga ya bugu, masu tsaron ƙofar kuma da kansu suke neman faɗa. In ƙofar gidanki tana maƙwabtaka da irin wannan wuri, za ki sha wuya. In kuwa maƙwabcinki wurin cin abinci ne da ke rufewa da sha ɗaya, ko otal mai ma'aikaci a zaune har safe, wannan ma kariya ce a gare ki.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci ga mai aikin dare irinki. A watan Maris na 2008 hukumomi a birnin Newcastle na Ostireliya sun tilasta wa mashaya 14 na tsakiyar birnin rufewa da wajen ƙarfe uku na dare, alhali a da wasunsu na kaiwa biyar, aka kuma hana shigar sababbin mutane tun kafin lokacin rufewar. Duka da raunata mutane da dare ya ragu da kashi 37 cikin 100 idan aka kwatanta da wata unguwar shaye-shaye da ke kusa wadda dokar ba ta shafa ba. A ƙasar Norway an duba birane 18, aka ga duk sa'a ɗaya da aka ƙara wa mashaya kafin su rufe tana zuwa da ƙarin faɗa na kusan kashi 16 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da ƙarfe goma mutane sun zo ne cikin hayyacinsu. Da ƙarfe biyu sun yi sa'o'i suna sha, sun gaji, wasu kuɗinsu ya ƙare, wasu an ƙi kula su, sai a kashe kiɗa a kunna fitilu a turo su titi gaba ɗaya, kowa na neman mota ɗaya, kowa na layin sayen abinci ɗaya. Nan ne ake bangaje juna, nan ne kallo ke zama magana, magana ta zama naushi. Daren Juma'a da na Asabar, daga sha biyu zuwa wajen huɗu, su ne suka fi zafi. Ki san lokacin da mashayun layinki ke tashi kamar yadda kika san lokacin tashinki daga aiki. In za ki iya isa gida rabin sa'a kafin nan, kin kauce wa kaso mai yawa na matsalar ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Amma akwai wani abu da mazauna ke rikita shi. Cunkoson masu maye yana da ban tsoro a ido, ga ihu, ga fashewar kwalba, ga amai a gefen hanya, sai dai yawancin waɗanda ake ji wa ciwo a cikinsa samari ne da suka sha, suna faɗa da samari irinsu. Ke da kike wucewa cikin hayyacinki, abin da ya fi yiwuwa ki gamu da shi a wurin shi ne maganar banza, ko wani ya tare miki hanya, ko a zare miki waya daga jaka. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, amma suna faruwa ne a gaban shaidu. Hatsarin da ya fi shafar mazaunin unguwa yana bayan fage: layin da ke bayan mashaya, wurin ajiye motoci, lungun da ake tara shara, da kuma sa'ar da ke biyo bayan watsewar jama'a, lokacin da babu kowa sai wanda ya rage da wata niyya. Tun 1961 marubuciya Jane Jacobs ta ce abin da ke tsare titi shi ne idanun da ke kansa, wato masu shago da masu wucewa da masu leƙowa ta taga. Masana Lawrence Cohen da Marcus Felson kuma a 1979 suka ce laifi na bukatar abu uku su haɗu a wuri ɗaya: mai niyya, da abin da zai kai wa hari, da rashin wanda zai hana. Na farkon ba ya hannunki. Na ukun kuwa ke ce ke zaɓarsa duk lokacin da kika zaɓi hanya.

Saboda haka ki bi babban titi ko da ya fi tsawo, ko da hayaniyarsa na ba ki haushi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Lungun da ke rage miki minti uku da rana, ki manta da shi da dare. Haske ma ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, aka kafa manyan fitilu a wasu aka bar wasu, manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. Ki bi hanyar da rana ki haddace ta: ina fitila ta mutu, ina bango ya yi lungu, wane shago ko gidan mai ko kantin magani ne ke buɗe har safe. Ki samu aƙalla wuri biyu tsakanin ofis da gida da za ki iya faɗawa ciki in wani abu ya taso. Ki cire abin sauraren waƙa daga kunne, ko ki bar kunne ɗaya a buɗe, domin kunne ne ke fara sanar da ke abin da ke bayanki. Game da yanayin tafiya, akwai wani tsohon bincike na 1981 da aka nuna wa fursunoni masu laifin duka da fashi bidiyon masu tafiya a titin New York, aka ce su nuna wanda za su fi kai wa hari. Sun fi zaɓar masu tafiya a sanyaye, ba tsari, kamar hankalinsu na wani wuri. Binciken ƙarami ne, kuma ba ya nufin wanda aka cuta shi ya jawo wa kansa. Abin ɗauka a ciki kawai shi ne ki yi tafiyar wadda ta san inda za ta, kai a ɗage.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi mayar da hankali, wato ƙofar gidan. Mai zuwa shaƙatawa yana zuwa ya tafi, ke kuwa kullum a wuri ɗaya tafiyarki ke ƙarewa, kuma a nan ne dole ki tsaya cik, ki juya wa titi baya, hannunki ya shagala. Ki fito da makulli tun kina nesa, kada ki tsaya a bakin ƙofa kina laluben jaka. Ki waiwaya kafin ki buɗe. In gidan bene ne mai ƙofar shiga ɗaya ta kowa da kowa, ki tsaya ki ga ta rufu a bayanki kafin ki wuce, domin hanyar da baƙo ya fi shiga irin waɗannan gidaje ita ce bin bayan mai makulli. A nan kunya ke cutar mutane. Wani zai taho da sauri yana murmushi, ya ce ya manta makullinsa ko wurin abokinsa ya zo, ke kuma ki ji nauyin rufe masa ƙofa a fuska. Ki ce masa ya yi haƙuri ya kira wanda ya zo wurinsa ya buɗe masa. Mutumin kirki zai gane, wanda ya fusata kuma ya nuna miki ko wane ne shi. In kika iso kika tarar da wasu zaune a matakalar ƙofar suna sha, abin da ke yawan faruwa a irin unguwar nan, ba dole ba ne ki ratsa ta tsakiyarsu. Ki wuce abinki, ki shiga shagon da ke buɗe, ki kira maƙwabci ko mai gadi. Haka in za ki hau lif wani da ba ki yarda da shi ba ya shigo, ki fita ki ce kin yi mantuwa. Minti biyar ɗin da za ki ɓata ba komai ba ne.

In kin ji kamar ana bin ki, kada ki tsaya gardama da zuciyarki. Ki tsallaka titi. In ya tsallako, ki sake komawa ko ki juya ki nufi inda kika fito. In har yanzu yana nan, to bin ki yake. Kada ki nufi gida, domin ba kya so ya san ƙofarki, kuma ba kya so ku haɗu a matakalar da babu kowa. Ki nufi haske da mutane, ko da ƙofar gidan rawar da kike ƙyama ce. Masu tsaron ƙofa sun saba da irin wannan, ga kyamara a saman kansu, ga waya a hannunsu. Ki faɗa musu kai tsaye cewa mutumin can mai riga kaza yana bin ki. Ki haddace lambar gaggawa ta ƙasar da kike: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da wasu da dama, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Yawancin wayoyin zamani suna da tsarin kiran gaggawa ta hanyar danna maɓallin gefe sau biyar, su kuma aika wa waɗanda kika zaɓa inda kike. Ki duba saitin tun yau, ba sai ranar da hannu ke rawa ba.

Da yake an zo kan waya, ita ce abin da aka fi yiwuwa ki rasa. Masu ƙwace sun fi son wanda ke tsaye a bakin titi da waya a buɗe a hannu, yana duba taswira ko yana jiran mota. Ana zuwa a kan babur ko keke, a fizge, kafin ki ɗago sun sha kwana. In dole ki duba, ki matsa jikin bango ko ki shiga shago. Abin da ya fi asarar wayar ciwo shi ne abin da ke cikinta. Ɓarayi sun koyi tsayawa a bayan mutum a wurin cunkoso su ga lambar sirrin da yake bugawa, sannan su sace wayar, da lambar nan su shiga asusun banki su canza komai. Ki riƙa buɗewa da yatsa ko fuska a bainar jama'a, kuma lambar buɗe waya ta bambanta da ta banki. Kamfanin Apple ya ƙara wani tsari na kare wayar da aka sace a farkon 2024, Google ma ya kawo makamancinsa a Android a shekarar, amma sai kin shiga kin tabbatar a kunne suke. Ki buga *#06# ki rubuta lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayar kanta, ki ajiye a gida, ita 'yan sanda da kamfanin layi za su tambaya. Cire kuɗi a ATM kuma ki bar shi sai da rana. In kuwa an tare ki an ce ki kawo, ki bayar. Ki jefa jakar gefe guda ki gudu ɗaya gefen kina ihu. Inda shawara ta juya shi ne in ana so a ja ki cikin mota ko lungu: nan kam ki yi duk abin da za ki iya don kada a raba ki da inda mutane suke.

Za ki ga faɗa, ba sau ɗaya ba. Ki tsallaka titi ki ba su wuri, kada ki tsaya kallo ko ɗaukar bidiyo a kusa. Mai maye in ya yi miki magana, amsa gajera ba zagi ba dariya, ƙafarki kuma kada ta tsaya. Mutane na raina faɗan hannu, alhali naushi ɗaya na kisa, kuma sau da yawa ba naushin ne ke kashewa ba, buguwar ƙeya da daɓen titi ne. Irin wannan mutuwa ta wasu samari biyu a unguwar Kings Cross ta birnin Sydney ce ta sa jihar New South Wales ta Ostireliya ta kafa dokar taƙaita sa'o'in mashaya a tsakiyar Sydney a 2014. Wani abin da zai kwantar miki da hankali: masu bincike sun duba faifan kyamarorin titi na rikici 219 a Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka wallafa a 2019 cewa a tara cikin goma an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a na ƙara yiwuwar a samu mai taimako. Maganar da ake yi cewa a birni kowa kallo zai yi ya wuce ba ta cika zama gaskiya ba. In ke ce ke bukatar taimako, ki nuna mutum ɗaya ki ce kai mai jar riga, kira 'yan sanda. In kuma kin tarar da wani a yashe ba ya motsi, kada ki ce maye ne zai farka. Ki kira motar asibiti, in yana numfashi kuma babu alamar ya ji ciwo a wuya ko baya, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi.

Mota ma abin tsoro ce da ba a cika lissafawa ba. A Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙafa da mota ke kashewa cikin duhu abin ke faruwa, kuma unguwarki na tara direbobin da suka sha. Ko fitila ta ba ki hannu, ki duba. Ranar da za ki hau tasi, ki kira ta manhaja ko kamfanin da aka sani, ki duba lambar motar kafin ki shiga, ki bar direban ya faɗi sunanki da bakinsa. Wanda ya tsaya da kansa ya ce zo in kai ki, a'a.

Akwai gaskiyar da ba a son faɗa, amma sai an faɗe ta. Mace ta fi fuskantar cin zarafi daga wanda ta sani fiye da baƙon da ke laɓe a lungu, wannan abu ne da alƙaluman ƙasashe daban-daban suka yi ittifaƙi a kai. Zama a tsakiyar gari yana mayar da gidan mutum zango: abokan aiki da abokan abokai za su ce bari mu ɗan huta a wurinki kafin mu samu mota, ko wane ya bugu bari ya kwana a falonki. Ki sa wa kanki doka tun ranar farko game da wanda ke hawa sama, domin hana na farko ya fi korar na biyar sauƙi. Sabon wanda kika haɗu da shi, ku rabu a babban titi, ba a ƙofarki ba. Kada ki sa hoton da ke nuna tagarki ko lambar gidanki a intanet. In kina fita da ƙawaye, ko lemo kike sha kada ki bar kofinki ki dawo ki ci gaba da shi. Wanda ya ji jiri ko ruɗewar da ta wuce abin da ya sha, a kai shi asibiti da wuri a kuma nemi gwaji, saboda wasu ƙwayoyin da ake zubawa a abin sha suna ɓacewa daga jiki cikin kimanin sa'a 12. A Birtaniya tun 2016 akwai tsarin da mutum zai je wurin ma'aikacin mashaya ya ce yana neman Angela, su gane yana cikin matsala su fitar da shi a asirce. Ba ko'ina ake da shi ba, amma ko'ina za ki iya gaya wa ma'aikaci a fili cewa kina bukatar taimako.

Cikin gidan kansa ba ya bukatar dogon bayani. Ki nemi a canza makulli ranar da kika tare, don ba ki san hannu nawa tsohon ya ratsa ba. Ƙofa mai ƙwari da sakata ta ciki da ramin leƙe, tagogi masu kulle, fitilar waje mai kunna kanta in ta ji motsi. Hawa na biyu ko na uku ya fi na ƙasa. In aka taɓa fasa gidanki ko na maƙwabci, a gyara ɓarakar a ranar, domin ɓarawo na yawan komawa inda ya ci nasara cikin makonnin farko. In ƙasan benen mashaya ce ko wurin girki, gobara ta fi ɓarawo zama abin tsoro: ki tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, akwai kuma hanyar fita ta biyu da ba a toshe ta da akwatunan kwalabe ba.

Ana yawan tambayata batun makami. Ban ba da shawarar wuƙa ba ko kaɗan, tana mayar da ƙwace ya zama kisa, kuma ba lallai mai ita ne ke cin riba ba. Feshin barkono halal ne a yawancin Amurka, a Birtaniya kuwa riƙe shi laifi ne babba, don haka sai kin san dokar inda kike. Ƙaramar ƙararrawar aljihu mai tsananin ƙara ba ta da wannan matsala. Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne a san ki. Da ɗan gari akan ci gari. Ki riƙa gaida mai shagon da ke kwana a buɗe, da masu tsaron ƙofar da kike wucewa, da masu shara na asuba, da tsohuwar da ke hawa na ɗaya wadda ba abin da ke wuce ta. Ba sai sun san lambar ɗakinki ba. Ya isa su san fuskarki, su san 'yar unguwa ce, ranar da suka ga wani na jan hannunki ba za su ɗauka saurayinki ne ba. Ki kuma kula da kanki bayan wata uku ko huɗu, lokacin da kin saba, kin fara bin lungun nan saboda ba abin da ya taɓa faruwa. Sabo turken wawa.

Duk abin da ya same ki, ko ƙarami ne, ki kai rahoto. Wani likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi a birnin Cardiff na Birtaniya, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawo masa da raunin duka 'yan sanda ba su ma san da su ba. Ya sa asibiti ya fara tattara inda aka yi dukan da lokacin da makamin, ba tare da sunan kowa ba, ana miƙa wa 'yan sanda da hukumar birni. Da wannan bayani aka sauya wuraren sintiri, aka hana motoci bin wasu tituna da dare, aka sa wasu mashaya amfani da kofunan roba. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna kwantar da mutane a asibiti saboda duka ya ragu da kashi 42 cikin 100 idan aka kwatanta da birane makamantansa. Hukuma ba ta gyara abin da ba ta da labarinsa, kuma a wurare da yawa koken mazauna na cikin abin da ake dubawa kafin a sabunta wa mashaya lasisi. Wannan labari yana kuma nuna miki cewa alƙaluman 'yan sanda kaɗai ba sa ba da cikakken hoton layi.

Shi ya sa kafin ki sa hannu a takarda, ki je da kanki. Dillali zai kai ki ranar Talata da hantsi, lokacin da unguwar ke barci. Ki koma daren Asabar da wajen ƙarfe ɗaya tare da wani, ku tsaya nesa kaɗan ku kalli ƙofar na rabin sa'a, sannan ku taka hanyar ofis zuwa gida a daidai lokacin da za ki riƙa bin ta. Ki tambayi wata mace da ke zaune a ginin, ba mai gidan ba. Ki haƙura da gidan in ƙofarsa ta buɗe cikin lungu marar haske, ko ƙofar ƙasa ba ta kulluwa kuma mai gida na cewa za a gyara, ko babu yadda za ki isa sai ta wurin da babu kowa, ko kin ga ana cinikin ƙwaya a matakalar. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki nemi yarjejeniyar wata shida in ana bayarwa, ki gwada.

A wannan ziyara ta dare ki shiga ɗakin kwanan ki rufe taga ki saurara. A ganina hayaniya ta fi tsoro korar mutane daga irin waɗannan unguwanni. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a 2009 cewa matsakaicin ƙarar dare a wajen gida kada ya wuce desibel 40 a ma'aunin ƙarfin sauti, layin mashaya kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ƙarar ganga mai zurfi ta bango da daɓe take shigowa, toshe kunne ba ya hana ta sosai, kuma bayan an kashe kiɗa akwai motar kwasar kwalabe da asuba. Mai aikin dare da ba ta samun barci ita ce ke mantuwa da kulle ƙofa, ita ce ke tsallaka titi ba ta duba ba. In akwai zaɓi tsakanin ɗakin da ke kallon titi da wanda ke kallon bayan gini, ki ɗauki na bayan ko da ya fi ƙanƙanta.